Ɗan Sanda da Ɗan Fashi a Ma'auni Ɗaya: Yadda Darakta Michael Mann Ya Shekara 16 Yana Neman Yardar 'Yan Kallo

## Tushen labarin: Chicago, 1963 zuwa 1964

A 1963 wani ɗan sandan farin kaya na birnin Chicago a Amurka, Chuck Adamson, ya yi kiciɓis da mutumin da ya daɗe yana bibiya. Sunan mutumin Neil McCauley, tsohon hannu a fashi, wanda ya yi shekaru a kurkukun Alcatraz, ya samu 'yanci a 1962 kuma bai tuba ba. A ranar Adamson ba shi da hujjar da zai kama shi da ita, sai ya ce masa su je su sha kofi. Suka zauna a teburi ɗaya suna hira kamar abokan sana'a. Kafin su tashi kowa ya fahimtar da ɗan'uwansa cewa ranar da suka haɗu a bakin aiki, ba sani ba sabo.

Akwai dalilin da ya sa Adamson yake ganin girman mutumin. Wani dare 'yan sanda sun taɓa yi masa kwanton ɓauna a cikin wani babban kanti da yake shirin fasawa. Bayan an daɗe a laɓe, ɗaya daga cikinsu ya motsa. McCauley ya ji ƙarar, nan take ya janye yaransa suka fice hannu Rabbana, duk wahalar shirin da ya yi ta tafi a banza. Ɓarawon da zai ga kuɗi a gabansa ya juya baya saboda ƙara ɗaya, ba kullum ake samun irinsa ba.

Ranar 25 ga Maris 1964 McCauley da yaransa suka yi fashi a wani kantin kayan abinci, jim kaɗan bayan motar banki ta sauke kuɗi. Abin da suka ɗauka bai wuce dala 13,000 da 'yan kai ba. 'Yan sanda na nan suna jira, Adamson yana cikinsu. Aka harbe McCauley yana gudu da ƙafa a tsakanin gidaje.

Wanda wannan nazari ya shafa, Michael Mann, daraktan fim ɗin Heat, shi ma ɗan Chicago ne, an haife shi a 1943, ya koyi aikin fim a Landan, ya dawo gida yana rubuta wa talabijin labaran 'yan sanda. A bakin Adamson ya ji wannan labari, kuma tun daga ranar bai bar ransa ba.

## Farkon matsalar: 1979

A 1979 ya kammala rubutu mai shafi 180. A ƙa'idar masu shirya fim, shafi ɗaya yana cin kamar minti ɗaya a allo, wato rubutun nasa fim ne na awa uku. Masu zuba kuɗi ba sa son wannan, domin yawan tsawon fim yana rage yawan lokutan da gidan sinima zai haska shi a rana.

Tsawon ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce labarin ba shi da wanda za a tsana a cikin manyan mutanensa biyu. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san tambayar farko da ɗan kallo yake yi idan ya shigo a makare: wane ne akta, wane ne bos? Da zarar an nuna masa, hankalinsa ya kwanta, ya san inda zai ajiye zuciyarsa. 'Yan kallon Amurka ma haka suke. Shi kuwa wannan marubuci yana so idan ana tare da ɗan fashi a ji ana fatan ya tsira, idan aka koma wurin ɗan sanda a ji ana fatan ya kama shi, alhali kowa ya san ɗaya ne zai rayu. Ɗan sandan nasa aurensa na uku ne yake tangal-tangal saboda aiki ya cinye shi. Ɗan fashin kuma ya ɗora wa kansa doka cewa ba zai riƙe wani abu a rayuwa da ba zai iya bari cikin daƙiƙa 30 ba idan ya ji ƙamshin 'yan sanda.

Sannan bai samu ƙarshen da ya gamsar da shi ba.

## Ƙoƙarin farko: 1981 zuwa 1983

A 1981 ya fitar da fim ɗinsa na farko na sinima, game da wani mai fasa akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. A nan ya gwada wata dabara da ta zame masa ɗabi'a: ya ɗauko tsofaffin ɓarayi na gaske da 'yan sanda na gaske, wasu suna ba da shawara, wasu suna fitowa a fim ɗin. Bayan haka ya koma kan rubutun 1979 ya gyara, ya miƙa wa wani darakta da ya fi shi suna a lokacin, Walter Hill, don ya ba da umarni. Hill ya ce a'a. Fim ɗin da Mann ya yi a 1983, na ban tsoro, bai yi kasuwa ba, saboda haka ba shi da bakin da zai nemi kuɗin fim na awa uku. Rubutun ya koma durowa.

## Ƙoƙari na biyu: talabijin, 1989

Talabijin ce ta dawo masa da ƙarfi. Shirinsa na 'yan sandan Miami da ya fara a 1984 ya karɓu ƙwarai, sai gidan talabijin na NBC ya nemi ya kawo wani sabon shiri mai dogon zango. Ya ɗauko tsohon rubutun ya datse shi, ya zubar da rassan labari da yawa don ya shiga cikin kusan minti 90. An yi shiri na kwana 10, an ɗauka cikin kwana 19. Bai ɗauki manyan taurari ba: Scott Plank ne ɗan sandan, Alex McArthur ɗan fashin.

NBC ba su gamsu da Plank ba, suka nemi a canza shi. Daraktan ya ƙi. Maganar shiri mai dogon zango ta mutu a nan, aka haska abin da aka ɗauka a matsayin fim ɗin talabijin mai suna L.A. Takedown ranar 27 ga Agusta 1989.

Ƙashin bayan labarin yana nan a ciki: fashin motar kuɗi, zaman kofi, harbe-harbe a ƙofar banki, har wasu kalamai kusan iri ɗaya da na fim ɗin da zai zo daga baya. Sai dai ƙarshen ya bambanta. A na 1989 wani maci amana da aka kora daga ƙungiyar ne ya harbe shugaban 'yan fashin ta bayan ƙofar ɗakin otal, ɗan sandan kuma ya gama da macin amanar. Wato hannun ɗan sandan bai taɓa jinin mutumin da ya sha kofi da shi ba.

Fim ɗin ya zo ya wuce kamar yadda finafinan talabijin suke wucewa. Bai jawo muhawara ba, bai kuma tara masoya ba a lokacin.

## Ƙoƙari na uku: 1992 zuwa 1995

A 1992 ya yi wani fim na tarihi da ya samu kasuwa mai kyau, ƙofofin da suke rufe suka buɗe. A 1994 ya ajiye wani aikin da yake shirin yi ya koma kan tsohon labarin, tare da furodusa Art Linson, kamfanin Warner Bros. kuma ya ɗauki nauyin rarrabawa. An ware kimanin dala miliyan 60. Sunan fim ɗin Heat.

Mann ya sha faɗa cewa sai da ya gano hoton ƙarshe sannan rubutun ya zauna, daga nan ya riƙa gina komai yana komawa baya. A sabon ƙarshen, ɗan fashin yana kan hanyar filin jirgi da budurwarsa, ya riga ya tsira, sai ya karkata mota zuwa otal don ya kashe wanda ya ci amanarsa. Wannan karkatar ce ta ba ɗan sandan damar cim masa. Suka yi ta ɓuya da juna a cikin duhu a gefen titin tashin jirage na Los Angeles, hasken fitilun filin ya tona inuwar ɗan fashin, ɗan sandan ya harbe shi da hannunsa. Yana mutuwa ya miƙa hannu, ɗan sandan ya riƙe.

Rassan da aka zubar a 1989 duk aka maido su. Akwai na hannun daman shugaban, Val Kilmer, mai harbi kamar aljani amma caca ta hana gidansa zaman lafiya. Akwai agolar ɗan sandan, Natalie Portman tana yarinya, wadda mahaifinta ya yi watsi da ita. Akwai wani da ya fito daga gidan yari yana neman halaliyarsa a ɗakin girkin wani gidan abinci, manaja yana zaftare masa albashi saboda ya san ba shi da inda zai kai ƙara, har ranar da tsohon abokin zaman kurkuku ya zo ya ce yana neman direba yau ɗin nan.

Aka ɗauko Al Pacino a matsayin ɗan sandan, Robert De Niro a matsayin ɗan fashin. Su biyun sun taɓa fitowa a fim ɗaya a 1974 amma ba su haɗu a fitowa ko ɗaya ba, saboda haka tallan fim ɗin kusan duk a kan haɗuwarsu aka gina shi. An ɗauki zaman kofin da dare a wani gidan abinci a Beverly Hills, da kyamarori fiye da ɗaya suna aiki lokaci guda. De Niro ne ya ba da shawarar kada su yi gwaji tare kafin ɗauka, don baƙuntar da ke tsakanin mutanen biyu ta fito. Mafi yawan abin da aka gani a allo daga ɗauka ta 11 ya fito.

Aikin ɗauka ya ci kwana 107, a tituna da gidaje na gaske cikin Los Angeles. Jaruman sun yi watanni suna koyon harbi da harsashi mai rai a hannun tsofaffin sojojin kundunbala na Birtaniya, ciki har da Andy McNab. Harbe-harben ƙofar banki kuwa a tsakiyar birni aka yi shi, a ƙarshen mako kawai, lokacin da za a iya rufe tituna.

Batun ƙarar bindiga ya isa a tsaya a kansa. Al'adar masana'antar ita ce a ɗauki hoto, daga baya a ɗakin tacewa a ɗora ƙarar harbin da aka tanada a ma'ajiya, mai tsafta, mai daɗin ji. Haka masu haɗa sauti suka fara yi a nan ma. Daraktan ya saurara ya ce ba ita ba ce. Ya sa aka koma ga abin da makirfo ya kama a kan titi ranar ɗaukar, inda ƙarar bindigogi take dukan dogayen benaye na gilashi da ƙarfe tana dawowa. Wannan amsa-kuwwar aka bari, kuma da zarar harbi ya kaure babu kiɗan da yake rufe ta.

## Ranar haskawa da ra'ayoyin farko: Disamba 1995 zuwa Maris 1996

Fim ɗin ya fito ranar 15 ga Disamba 1995, tsawonsa minti 170. A ƙarshen makon farko ya tara dala miliyan 8.4 a Amurka, ya zo na uku, bayan finafinai biyu na yara da iyali. Kamfanin CinemaScore, wanda yake tambayar 'yan kallo a ƙofar sinima daren farko, ya fitar da makin A-. A ƙarshe ya tara kimanin dala miliyan 67 a Amurka, jimillar duniya kuma kimanin miliyan 187. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin daga wajen Amurka ya zo.

Kan harbe-harben banki ba a yi gardama sosai ba, har waɗanda ba su so fim ɗin ba sun sara masa a nan. Gardamar ta tsaya a wasu wurare.

Na farko tsawo. Wanda ya sayi tikiti don ganin fashi sai ya tarar da rigimar miji da mata, da yarinya mai neman kashe kanta, da wani reshe na macin amanar nan yana kashe mata masu zaman kansu. Wasu suka ce a yanke minti 40 fim ɗin zai fi kyau. Wasu suka ce matan labarin an kawo su ne kawai don su yi kuka su yi jira, duk da cewa Ashley Judd, matar mai cacar, ita ke da ɗaya daga cikin wuraren da aka fi tunawa: tana tsaye a baranda, 'yan sanda a bayanta, ta ɗan motsa hannu a kan ƙarfe ta sanar da mijinta kada ya hawo.

Sai Pacino. Yana magana a hankali, kwatsam ya daka tsawa, ido a waje. Wasu suka ce ya zuzuta abin ya wuce gona da iri, musamman idan aka ajiye shi kusa da De Niro mai tauna magana kafin ya furta. Wasu kuma wannan haukar ce ta burge su.

Zaman kofin ma bai tsira ba. An jira kusan awa ɗaya da rabi kafin a kai gare shi, bai fi minti shida ba, kuma kyamara tana kallon kowa ta kan kafaɗar ɗan'uwansa, ba a ga fuskokin biyu sosai a hoto ɗaya ba. Daga nan jita-jita ta tashi cewa ba a ma zaunar da su tare ba. Hotunan wurin ɗaukar sun nuna su a teburi ɗaya, amma jita-jitar ta daɗe tana yawo.

Da aka fitar da sunayen 'yan takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, na bikin Maris 1996, fim ɗin bai samu gurbi ko ɗaya ba, ko a ɓangaren sauti.

## 'Yan kallon da ba a yi lissafi da su ba: 1997 zuwa 2018

Ranar 28 ga Fabrairu 1997 wasu mutum biyu sanye da rigunan sulke, ɗauke da bindigogi masu sarrafa kansu, suka shiga reshen Bank of America a unguwar North Hollywood ta Los Angeles. Da suka fito 'yan sanda sun riga sun kewaye wurin. Aka yi minti 44 ana ɓarin wuta, an harba harsashi kusan 2,000, jirage masu saukar ungulu na gidajen talabijin suna nunawa kai tsaye. Ƙananan bindigogin 'yan sanda ba sa huda sulken, har sai da wasu suka je wani shagon sayar da makamai suka aro manya. 'Yan fashin biyu sun mutu, kusan mutum 20, 'yan sanda da farar hula, sun ji rauni. Kafofin labarai suka yi ta kwatanta abin da fim ɗin, wanda bai kai wata 15 da fitowa ba.

A Faransa kuma akwai Rédoine Faïd, wanda ya yi suna wajen fashin motocin kuɗi. A 2009, a wani taron tattaunawa a birnin Paris, ya miƙe cikin jama'a ya shaida wa daraktan cewa a finafinansa ya koyi aiki. Wannan mutumin ne ya fasa gidan yari da nakiya a Afrilun 2013, ya sake tserewa daga wani da jirgi mai saukar ungulu ranar 1 ga Yuli 2018.

## Yadda ra'ayi ya sauya: 2008 zuwa 2022

A kaset da faifai da maimaicin talabijin fim ɗin ya samu rayuwa ta biyu. Mai kallo a gida yana iya tsayarwa ya ci abinci ya dawo, kuma a kallo na biyu ya riga ya san wanda zai mutu, sai hankalinsa ya koma kan abin da ya tsallake. Darakta Christopher Nolan ya faɗa fili cewa daga nan ya ɗauki darasi a fim ɗinsa na Batman na 2008, wanda da fashin banki yake buɗewa. Wasan kwamfuta na Grand Theft Auto V na 2013 ya kwaikwayi fashin motar kuɗin kusan taki-taki. Fim ɗin Den of Thieves na 2018, shi ma 'yan sanda da 'yan fashi a Los Angeles, kusan duk sharhin da aka yi masa da wannan ma'auni aka auna shi.

A 2016 hukumar da ke ba da Oscar, wadda ta tsallake fim ɗin shekara 20 baya, ta shirya haskawa ta musamman, Nolan ne ya jagoranci hirar. A wurin Pacino ya bayyana cewa ɗan sandan da ya taka mai shaƙar hodar ibilis ne a ɓoye, amma ba a nuna hakan a fim ɗin da aka fitar ba. Wannan ya ba masu kare tsawarsa hujja, bai kuma rufe bakin masu suka ba. Wani ɗan Ostireliya ya yi shirin sauti na intanet yana bin fim ɗin minti ɗaya a kowane kashi, daraktan da kansa ya zo kashin ƙarshe a 2019. A Agustan 2022 daraktan ya fitar da ci gaban labarin a littafi tare da marubuciya Meg Gardiner, ya hau matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

## Hukunci

Mutum ɗaya ne ya yi na 1989 da na 1995, labari ɗaya, birni ɗaya, don haka ana iya ganin abin da ya canza. Mutane sukan ce kuɗi ne da taurari. Suna da gaskiya a wani ɓangare: ɗan kallo yana shiga sinima da ƙaunar De Niro a aljihunsa, ba sai an roƙe shi ya tausaya wa ɗan fashin ba, kuma da tauraro ɗaya aka ɗauka da ma'aunin ya karkata tun daga hoton talla.

A ganina ƙarshen ya fi taurarin nauyi. A 1989 an nemo wani mugu na uku aka ɗora masa kisan, kowa ya tashi da zuciya fara, ba wanda aka tilasta wa zaɓe. A 1995 ɗan fashin da kansa ya karya dokarsa saboda ramuwa, ɗan sandan kuma da kansa ya cika alkawarin teburin kofi, kamar yadda ta faru a Chicago. Ɗan kallo ya samu abin da ya roƙa, ya kuma rasa abin da ya roƙa, a harbi ɗaya.

Tsawon da aka yi ta kuka da shi, a nan yake biyan bashinsa. An gwada gajeren, an ga sakamakonsa. Mai girkin nan fitowarsa 'yan kaɗan ce, amma saboda an ga manaja yana wulaƙanta shi, lokacin da harsashi ya same shi a kan sitiyari ana jin an yi asarar mutum. Ba duka rassan ne suka biya ba. Na kisan matan nan har yau ban ga abin da ya ƙara ba, macin amanar ya riga ya isa abin ƙi tun da ya harbe mai gadin motar kuɗi ba gaira ba dalili. Masu cewa an bar matan a gefe su ma ba su yi ƙarya ba. Hujjar hodar ibilis kuwa ba ta gamsar da ni ba, domin abin da ba a nuna wa ɗan kallo ba, ba a tuhumarsa da rashin ganinsa.

Gaskiyar aikin da ta ja masoya, harbi irin na sojoji, sauti irin na titi, ita ce ta ja irin su Faïd, kuma ban ga yadda za a raba biyun ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne lissafin da ke cikin fim ɗin kansa: a ƙungiyar fashin, har da direban da aka ɗauka ranar, mutum ɗaya ne ya fita da rai, da harsashi a kafaɗa, ba mata ba ɗa. Faïd kuma an sake kama shi ranar 3 ga Oktoba 2018 a garinsu Creil, wata uku bayan tashin jirgin.